Yadda Ake Gano Matsala da Sauya Fitilun Allon Mita na Tsohuwar Mota

Fitilun da ke bayan allon mita kashi biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke sa mutum ya kwance gaban mota gaba ɗaya a kan abin da fis guda zai magance. Kashi na farko su ne masu haska maleji da mitar mai da mitar zafi da daddare, waɗanda ke kamawa tare da fitilar fakin. Kashi na biyu su ne fitilun gargaɗi, irin na batir da na baƙin mai da na birkin hannu da na sigina, waɗanda ke samun wuta ta wata hanya dabam, mafi yawansu daga makullin mota. Wannan bayani ya shafi motocin da ke amfani da ƙananan ƙwayaye masu zare a ciki, waɗanda ake cirewa da hannu, wato akasarin motocin da aka ƙera kafin shekara ta 2000 da wasu na bayanta kaɗan. Idan motarka ta zamani ce wadda aka liƙa mata fitilun LED da dalma a jikin allon, to aikinta na mai gyaran kayan lantarki ne, ba wannan ba.

Kayan aiki

Za ka buƙaci sukudireba mai baki huɗu da mai faɗin baki, kuma gajeriya ta fi amfani domin wasu sukurorin suna fuskantar sama a ƙarƙashin rumfar allon, inda doguwa ba ta shiga. Wasu motocin Turai suna amfani da sukuru mai kan tauraro, saboda haka ka leƙa tukuna kafin ka fara. Sai sifana lamba 10, wadda ita ce ke kwance kan batir a yawancin motoci, da ƙaramar filaya mai tsinin baki, da tocila, da tsumma mai laushi, da ɗan kwano na tara sukurori. Ana kuma buƙatar testa ta mota, wato mai ƙwai a cikin mariƙinta da waya mai maƙali, ko kuwa maltimita, wato na'urar auna wuta, idan akwai. A tanadi magogin fensir, da sifirit kaɗan, da fis na ajiya.

Akwai abin ɓamɓare roba da ake yi musamman don wannan aiki, shi ma na roba ne. Idan babu shi, ka naɗe bakin sukudireba mai faɗi da tef ninki biyu ko uku, domin ƙarfe tsirara yana barin tabo a jikin dashbod. Idan babu testa, ana iya haɗa ta da ƙwan mota mai lafiya da wayoyi biyu. Amma sababbin ƙwayaye, shawarata ita ce kada ka saye su sai ka ciro tsohon ka riƙe a hannu, domin ko mota iri ɗaya ce, shekarar ƙira na iya sauya girman ƙwan.

1. Ka fara da kallo, ba da kwancewa ba

Ka ajiye motar a wuri mai duhu, ko ka lulluɓe gilashin gaba da bargo. Ka murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar da inji ba. A wannan matsayi ya kamata fitilar batir da ta baƙin mai su kama, haka ma ta birkin hannu idan an ja shi, da ta inji da ta jakar iska a motocin da ke da su. Ka rubuta duk wadda ba ta kama ba. Daga nan ka kunna fitilar fakin ka dubi fuskar allon, sannan ka gwada sigina hagu da dama da doguwar fitila.

Abin da ka gani shi zai gaya maka inda za ka nufa. Idan ɓangare ɗaya ne ya yi duhu, misali rabin maleji, sauran kuwa suna da haske, to ƙwai ne ya mutu ko gidansa ya saki. Idan allon gaba ɗaya ya mutu lokaci guda, da wuya a ce ƙwayaye ne, domin ƙwai huɗu ko biyar ba sa haɗa baki su ƙone a dare ɗaya. Matsalar tana ga fis, ko makunnin rage haske, ko makunnin fitila, ko waya. Idan haske yana zuwa yana ɗaukewa a kan gargada, ko yana dawowa idan an bugi saman dashbod da tafin hannu, to wani abu ne ya saki ko ya yi tsatsa. Idan kuma ka ga abin mamaki, kamar hasken allo yana ƙiftawa tare da sigina, ko allurar mai tana motsi da zarar an kunna fitila, to wayar da ke mayar da wuta jikin mota ce ba ta kama sosai, wadda masu wayarin ke kira at.

Kafin ka bar wannan mataki, ka zaga bayan motar ka duba ko jajayen fitilun baya suna ci. A motoci da yawa hasken allo da fitilun baya layinsu ɗaya ne, don haka allo mai duhu na iya nufin kana tafiya da dare ba wanda ke ganinka ta baya.

2. Makunnin rage haske da fis

Yawancin motoci suna da ɗan abin murzawa kusa da sitiyari ko a jikin allon, wanda ke ƙara haske ko rage shi. Sau da dama an kawo mini mota ana cewa allo ya mutu, ashe mai wanke mota ne ya murza shi zuwa ƙarshe da tsumma. Ka murza shi gaba da baya kamar sau ashirin. A tsofaffin motoci, cikinsa wata naɗaɗɗiyar waya ce da ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kanta, kuma idan ya shekara a wuri ɗaya sai datti ya rufe wajen. Idan haske ya riƙa walƙiya yayin da kake murzawa, ka gano mai laifin. Wani lokaci murzawar kaɗai ta isa, wani lokaci sai an ciro shi an wanke da sifirit.

Akwatin fis yana ƙarƙashin dashbod ta wajen ƙafar direba, ko a cikin bonet, kuma a jikin murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowane fis. Ka nemi wanda aka rubuta wa PANEL ko ILLUM ko TAIL domin hasken dare, da GAUGE ko METER domin fitilun gargaɗi da mitoci. Ka zaro shi ka ɗaga wajen haske, za ka ga ko siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke. Ido yana iya yaudara, don haka gwaji da testa ya fi: ka maƙala wayarta a ƙarfen jikin mota, ka kunna fitilar fakin (ko ka murza makulli idan fis ɗin fitilun gargaɗi ne), ka taɓa 'yan ƙarafa biyu da ke bayan fis ɗin yana zaune a wurinsa. Idan ta kama a duka biyun, lafiyarsa ƙalau. Idan gefe ɗaya ne kawai, ya ƙone. Idan babu wuta a ko'ina, to wutar ba ta iso ba, sai a koma ga makunnin fitila.

Ka mayar da fis mai lamba daidai da wanda ka cire. A irin fis mai ƙafa biyu, launi yana nuna ƙarfi: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, ruwan ƙasa mai duhu kuma 7.5. Kada ka sa wanda ya fi ƙarfi, kuma kada ka naɗa waya ko takardar gwangwani a madadinsa, domin fis shi ne ke mutuwa don wayoyin mota su rayu, kuma wayoyin bayan dashbod sirara ne, a cunkushe cikin roba.

Idan sabon fis ya ƙone nan take, akwai inda wayar wuta ke taɓa jikin mota. Wurin farko da nake dubawa shi ne bayan rediyo, musamman idan ba wanda motar ta zo da shi ba ne. A cikin wayoyin rediyo akwai ta hasken dare, kuma idan fitila tana kashe, mai gwaji yana iya ɗaukarta a matsayin at ya haɗa ta haka. Rana ba a ganin komai, sai dare ya yi a kunna fitila fis ya tafi. Ka cire soket ɗin rediyon ka sake gwadawa. Idan ba nan ba ne, ka duba fitilun baya da na lambar mota, inda ruwa ke shiga, da wayoyin da ke bi ta maƙogwaron murfin but.

3. Cire batir

Idan fis da makunni suna lafiya, sai a shiga ciki. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kwance kan batir na ragi, wato mai alamar (–), ka kautar da shi inda ba zai koma ya taɓa ba. Idan motar tana da jakar iska, ka jira kamar minti goma kafin ka sa hannu a bayan sitiyari, kuma duk soket mai launin ruwan ɗorawa da ka gani a can na jakar iska ne, kada ka cire shi, kada ka kai masa testa. Wasu rediyoyin suna neman lambar sirri bayan an cire batir, don haka ka tabbatar kana da ita tun kafin ka kwance.

Idan motar mai giya a jikin sitiyari ce, wani lokaci sai an sauke hannun giyar kafin murfi ya fita. Ka ja birkin hannu ka sa waigi a taya tukuna.

4. Cire murfin da ke kewaye da allo

Ka sauke sitiyari zuwa ƙasa iyakar inda yake kaiwa, ka shimfiɗa tsumma a kan wuyansa. Ka haska tocila ka nemo sukurori: galibi biyu ko uku suna sama a cikin rumfar allon, wasu kuma suna ɓoye a bayan mazubin tokar sigari, ko ƙarƙashin makunnan da ake zarowa, ko bayan ƙananan murafan roba. Bayan sukurori akwai maƙalai da ke riƙe murfin. Ka sa abin ɓamɓarewa kusa da maƙali, ka ja kai tsaye zuwa gare ka, ba a karkace ba.

A nan ne sababbin hannu suka fi yin ɓarna. Robar da ta shekara ashirin ko talatin tana shan rana ta bushe, tana karyewa kamar ƙwarya. Idan ka ja ka ji wani gefe ya ƙi, kada ka ƙara ƙarfi, akwai sukurun da ba ka gani ba. Robar da ta ɗan ɗumama ta fi ta sanyin safiya haƙuri. Idan murfin ya saki, kada ka fizge shi, domin akwai wayoyin makunnai a bayansa. Ka ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin ka cire. Sukurorin kuma ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogo a gurbin gajere yana huda roba ya fito ta fuska, saboda haka ka jera su bisa tsarin da ka ciro su.

5. Zaro allon

Allon kansa sukuru uku ko huɗu ne ke riƙe da shi. Bayan ka kwance su, ka karkato samansa zuwa gare ka a hankali. Idan ya taho kaɗan ya tsaya, mai yiwuwa motar tana da igiyar maleji, wato wata waya mai kauri da ke tasowa daga giyabos ta shiga bayan maleji, wadda ake samu a yawancin motocin shekarun 1980 da farkon 1990. Ka zura hannu ta baya ko ta ƙasan dashbod, ka laluba wuyanta: wata ana danna harshen roba ne a ja, wata kuma zobe ne ake warwarewa. Idan hannu bai shiga ba, ka saki igiyar daga maƙalanta a cikin bonet, ko ka kwance ta daga giyabos, ka turo ta ciki domin ta ba ka sarari. Kada ka lanƙwasa ta sosai, domin igiyar da ta lanƙwashe a ciki ita ce ke sa allurar maleji rawa.

Sauran soket-soket kowanne yana da harshe da ake dannawa. Ka riƙe jikin soket ɗin ka ja, ba wayoyin ba. Ka fito da allon ta gefen sitiyari, ka ajiye shi a kan tsumma a tsaye ko a jingine. Kada ka bar shi a kife na tsawon lokaci, domin wasu mitocin suna da ɗan ruwa mai kauri a ciki da ke hana allura rawa, kuma yana iya tsiyayowa. Babu dalilin buɗe gilashin gaba ko taɓa allurai a wannan aiki.

A wasu motocin ba sai an fito da allon duka ba. Idan ya karkato har hannu ya kai bayansa, ana iya sauya ƙwan a nan. Ni dai na fi son fito da shi, domin aikin lalube ne ke yaga tagullar baya.

6. Ciro ƙwayaye da gwada su

A bayan allon za ka ga ƙananan gidajen roba a jere. Manyan su ne na hasken dare, ƙananan kuma na gargaɗi. Ana murza kowanne kamar kwatar zagaye zuwa hagu sai ya fito. Idan ya ƙi yatsa, ka kama shi da filaya a hankali. Ka riƙa cire ɗaya-ɗaya, ko ka sa wa kowane rami alama, domin akwai ramukan da tun daga masana'anta babu ƙwai a cikinsu, na kayan da motarka ba ta zo da su ba, kuma idan ka cika su za ka ga fitilar gargaɗin da ba ta da ma'ana.

Ƙwan da zarensa ya tsinke ya mutu. Wanda gilashinsa ya yi baƙi ko ya yi kamar azurfa yana kan hanya, ko da yana ci. Domin tabbatarwa, ka sa maltimita a wajen da take ƙara idan waya ta haɗu, ka taɓa ƙafafun biyu; ko ka haɗa shi da batirin mota da wayoyi biyu. Ƙaramin batir mai 9V ma yana sa shi ya yi ja-ja, wanda ya isa shaida. Tunda ka riga ka sha wahalar kwancewa, ka sauya duk na hasken dare gaba ɗaya, domin shekarunsu ɗaya, kuma sabo a gefen tsoho yana sa fuskar allo ta yi dabbare-dabbare.

Wasu ƙwayayen ana zare su daga gidansu a cusa sabo, wasu kuwa a haɗe suke da gidan, sai dai a sayi duka. Idan ka ga 'yar hular roba kore ko shuɗiya a kan ƙwai, ita ce ke ba allon launinsa, ka zare ta a hankali ka sa wa sabon.

7. Zaɓen madadi

Waɗanda aka fi samu su ne ƙaramin da ake kira T5, mai wat 1.2 zuwa 2, da babban da ake kira T10, wanda ke zuwa da lamba 194 ko W5W, mai wat 3 zuwa 5. Motocin da suka fi tsufa suna da mai gindin ƙarfe da 'yan kunnuwa biyu, irin BA9s, wanda ake dannawa a murza. Ka tabbata an rubuta 12V, domin akwai masu kama da su na manyan motoci masu 24V, waɗanda za su shiga daidai amma haskensu kamar na garwashi. Kada ka ƙara wat don neman haske, domin zafin yana narka gidan ƙwai da robar da ke rarraba hasken.

Game da LED, yana da haske, ba ya zafi sosai, amma yana da sharuɗɗa. Yana da gaba da baya, don haka idan bai kama ba sai a cire a juya shi. Da yawa ba sa bin makunnin rage haske yadda ya kamata. Mai haskawa gaba kawai yana yin tabon haske a wuri ɗaya ya bar sauran a duhu, saboda haka a nemi mai watsa haske ta gefe. Haka nan, a motar da ƙwai ɗaya ke nuna sigina hagu da dama, wuta tana bi ta cikinsa ta fuska biyu, kuma LED zai yi aiki a gefe ɗaya ne kawai.

Babban gargaɗi yana kan fitilar batir. A tsofaffin motoci da yawa, 'yar wutar da altaneta ke buƙata kafin ta fara caji ta cikin wannan ƙwan take bi. Idan ya ƙone, ko aka sa LED wanda wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba, altaneta na iya ƙin fara caji har sai an taka mota da ƙarfi, ko ta ƙi gaba ɗaya. Na taɓa yin wannan kuskure a motata: na sauya komai zuwa LED, allo ya yi kyau, bayan kwana biyu mota ta ƙi tashi, kuma saura kaɗan in sayi altaneta a banza. Ka bar wa fitilar batir ƙwai mai zare, mai wat daidai da na asali.

8. Idan sabon ƙwai bai kama ba

Bayan yawancin waɗannan alluna akwai wata siririyar leda mai layukan tagulla, ita ce ke kai wuta ga kowane rami. Ka dubi inda gidan ƙwai ke zama: idan tagullar ta dushe ko ta yi kore, ka goge ta da magogin fensir har ta yi ƙyalli, sannan ka share da sifirit. Kada ka sa sanfefa, domin tagullar ba ta fi takarda kauri ba. Ka ɗan ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfe biyu na gidan ƙwan da tsinin allura don su danna sosai. Ka bi layin da ido zuwa soket. Idan ka ga inda ya tsage ko ya ƙone, ana tsallake wurin da siririyar waya da dalma, amma da hanzari, domin ledar tana narkewa. Wanda bai saba riƙe abin dalma ba gara ya kai wa mai gyaran rediyo.

Idan alamun matakin farko sun nuna at ne, ka bi wayarsa daga soket zuwa inda aka ɗaure ta da noti a ƙarfen mota, galibi a bayan dashbod ko gefen ƙafar direba. A motocin Jamus ruwan ƙasa ce, a Toyota fara ce mai baƙin layi, a wasu da yawa kuma baƙa. Ka kwance, ka kankare tsatsar har ƙarfe ya fito fari, ka ɗaure tam. A lura cewa a wasu motocin Japan makunnin rage haske yana kan hanyar komawar wuta ne, don haka kada ka ɗauki wayar komawar hasken allo ka haɗa da jikin mota kai tsaye sai dai don gwaji. Idan ka yi haka allon ya haska, makunnin ne ya lalace.

9. Gwaji da mayarwa

Kada ka ɗaure komai sai ka gwada. Ka mayar da duk soket na allon da na makunnan da ke jikin murfi, har da na fitilar haɗari, domin a motoci da yawa sigina ba ta aiki idan ba a haɗa shi ba. Ka mayar da kan batir, ka maimaita gwajin matakin farko a cikin duhu. Kada ka murza makulli alhali allon yana cire a motar da ke da jakar iska, domin kwamfutarta na iya riƙe laifi ta bar fitilar a kunne. Ka tayar da inji ka ga fitilar batir da ta baƙin mai sun mutu, sannan ka auna kan batir da maltimita: ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.4V, ba 12 da 'yan kai ba.

Idan komai ya yi daidai, ka kashe mota, ka tura igiyar maleji har ka ji ta kama, ka zaunar da allon ba tare da ya danne waya ba, ka ɗaure sukurori da hannu iyakar su tsaya, domin ramukansu na roba ne. Ka share cikin gilashi da tsumma mai laushi kafin murfi ya koma. A ƙarshe ka ɗan zaga da motar ka tabbata allurar maleji tana tashi. Idan ta kwanta a sifili, igiyar ce ba ta shiga gurbinta ba, sai ka sake zura hannu ta ƙasa ka danna ta.